Idon Mutumin Kona

Ni fa ban ci nanin ba, amma sai da nanin ta ci ni. Ido ba nawa ba, ciwo ba nawa ba. Ina zaman zamana a 'yar rumfata ta gyaran waya a Yelwa, ina fama da masu kawo wayar da ta sha ruwan kwata suna rantse min wai haka kawai ta ɗauke, sai ga kiran Dada. Dada ita ce mahaifiyarmu, kuma ba ta kiran mutum don ta ji lafiyarsa. In ka ga lambarta, to akwai wanda zai wahala, kuma tunda aka haife ni ban taɓa ganin wahalar ta yi ɓatan kai ta faɗa kan wani ba.

Na same ta a gidanmu na unguwar Sarkin Dawaki tana tsintar shinkafa. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"An ce mutumin Kona ba ya gani sosai."

Mutumin Kona shi ne Hamma, babban yayanmu, ɗanta na cikinta. Amma da yake shi ne ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kallon fuskarsa, ba ta zama inda yake zaune. In ya zo gaisuwa, labule ke amsa masa. Kunyar ɗan fari ke nan, pulaku in ji manya. Da yana saurayi sunansa "wancan". Da ya yi aure ya tare a Kona sai aka yi masa ƙarin girma ya zama "mutumin Kona". In ka ji yadda take faɗa, sai ka rantse wani ne da ya taɓa sayar mata da itace.

"Allah ya sawwaƙe," na ce, ina laluben takalmina.

"Za ka raka shi asibiti. Abin da aka ce, ka zo ka faɗa min. Abin da na ce, ka je ka faɗa."

"Dada, ba shi da mata ne?"

"Matarsa tana goyo. Kai me kake goyo, Auta?"

Ka ji yadda aka mayar da ni bakin aro. Uwa tana da baki, ɗa yana da kunne, amma sai an rufe shagon wani an sa shi a tsakani kamar wayar caji.

Shi kuma Hamma, Allah ya zuba masa irin haƙurin nan mai ban haushi. Mutum ne da in tirela ta taka masa ƙafa, zai jira direba ya sauko ya ba shi haƙuri. Aikinsa ɗaura tayil, kuma ya iya, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. A cikin keke, kan hanyar asibiti, na tatso labarin daga bakinsa kamar mai tatsar busasshiyar saniya. Wai yana aiki a wani gida, ƙurar siminti ta shiga idonsa na dama, ya rufe shi, sai ya ga layin tayil ɗin da ya gama shimfiɗawa ya karkace kamar maciji ya bi ta kan yashi. Ya ɗauko guduma ya farfashe aikin da babu abin da ya same shi, ya sake ja da zare, ya sake ɗaurawa. Ya rufe idon dama, layi ya sake karkacewa. Ya duba ƙofa, ita ma ta yi ciki. Ya duba mai gidan, shi ma kansa ya lotsa.

"Tun yaushe?"

"Ya ɗan kwana biyu."

"Hamma, kwana biyun mutane ko kwana biyunku na masu pulaku?"

Ya yi murmushi ya kalli titi. Daga baya matarsa ta gaya min tun kafin a fara ruwa ne, ga shi a lokacin har masara ta fara shiga kasuwa.

Asibiti kuwa ka san hali. Ka yanki kati, ka zauna a benci, ka tashi ka koma wani bencin, duk wanda ya sa farar riga ya wuce ka kamar kai ne ka kawo ciwon garin. Da layi ya zo kanmu aka sa Hamma ya karanta haruffan jikin bango. Da idon dama ya sauka har ƙasa kamar ɗan jarrabawa. Da na hagu ya tsaya a manyan na sama yana lanƙwasa wuya. Wata nas ta ɗiga masa magani ta ce mu jira ƙwayar ido ta buɗe.

Likitar mace ce, 'yar nan jihar, Hausarta irin ta kasuwa, namiji da mace duk kanwar ja ce. Ta ɗaura fitila a goshi, ta riƙe wani gilashi, ta daɗe tana leƙen idon Hamma. Ta kira wani abokin aikinta shi ma ya leƙa. Wannan ya kira wani. Can na ga an yi layi a kan idon yayana kamar ana kallon ƙwallo a wayar mutum ɗaya.

"Lafiya dai, likita?" na ce. "Ko tikiti za mu fara yanka?"

Ta yi dariya ta ce ba kullum suke ganin irinsa ba, wasu har su gama aiki ba su gani ba sai a littafi. Sannan ta zana mana a takarda. Can bayan ido, a bangon da hoto ke sauka, akwai wani ɗan ƙulli ja na jijiyoyin jini da suka cukurkuɗe, ga wasu jijiyoyi biyu sun kumbura suna ciyar da shi. Ta ce ba kansa ba ne, ba ya yaɗuwa ya ci jiki. Laifinsa ɗaya, yana tsiyayar ruwa, ruwan yana taruwa a inda gani ya fi kaifi, shi ya sa layi ke karkacewa. In aka bar shi, ruwan zai iya ɗaga bangon gaba ɗaya, idon ya tafi.

"Wato gilashin kyamara lafiya lau," na ce, "can ciki ne fanel ya sha ruwa."

"Yauwa. Kai ka gane. Shi wannan yayanka, ta gane?"

Hamma ya ce ya gane. Ko bai gane ba haka zai ce.

Ta ce maganinsa a ƙona ƙullin da hasken leza tun yana ƙarami, kuma ba su da na'urar a nan, sai Kaduna. Ta ce kada a yi wasa da lokaci, kada a ɗiga komai, kada a bar kowa ya taɓa idon. Ta ƙara da cewa wani lokaci abin shi kaɗai yake zuwa, wani lokaci kuma yana bin jini a dangi, har yakan fito a ƙoda ko a kai, don haka za a yi wa Hamma hoton ciki, kuma 'yan uwansa su zo a duba su. Ta nuna ni da biro.

"Kai ma zauna."

"Ni rakiya na yi, likita."

"Uwa ɗaya uba ɗaya?"

"Haka ake faɗa."

"Zauna."

Haka aka ɗiga min abin nan mai yaji, aka haska min fitila har na ga kakannina. Ba a sami komai ba, alhamdu lillahi, sai dai ba wanda ya gaya min in ƙwayar ido ta buɗe rana abokiyar gaba ce. Muka fito cikin ranar Jalingo, wadda ko da lafiyayyen ido sai ka yi mata ladabi, ni da Hamma muna riƙe da juna muna hawaye. Mai keken da ya ɗauke mu ya waiwayo ya ce, "Wanne ne marar lafiyan, wanne ne ɗan jagora?" Na ce ya ja mu kawai, in ya kai mu lahira ma ba za mu gane ba.

Na kai wa Dada rahoto. Tana dama kunun gyaɗa, ta juya min baya. Na faɗi ƙulli, na faɗi ruwa, na faɗi Kaduna, ludayi bai tsaya ba. Da na ce idon zai iya tafiya, ya tsaya. Bai daɗe ba ya ci gaba.

"Ka ce masa ya tafi."

Da a ce maganar Dada ce ke tafiyar da gidan, da labarin ya ƙare a nan, da na koma rumfata. Amma akwai Bappa. Bappa wan mahaifinmu ne, kuma tunda mahaifinmu ya rasu ya naɗa wa kansa rawanin komai, daga auren 'ya'ya har inda za a ɗaure akuya. Tsohon dillalin shanu ne, ya ci zamaninsa a kasuwar Iware, kuma har gobe yana ganin duk abin da ke numfashi shi ya fi kowa sanin lafiyarsa. Makaranta bai yi ba, wannan ba laifi ba ne, ni ma ban gama ba. Amma ni na san inda sanina ya tsaya, shi nasa ba shi da katanga.

Ya sa aka kira Hamma. Ya tsayar da shi a tsakar gida, ya kama haɓarsa ya juya ta gabas ya juya ta yamma, ya ɓare fatar idon da babban yatsa, ya hura masa iska. Saura kaɗan ya buɗe bakinsa ya ƙirga haƙora.

"Wannan idon? Ba ja, ba kwantsa, ba hawaye. Fari tas. In saniya ce da wannan idon, a rufe zan saya."

"Bappa, ai a ciki abin yake," na ce.

"A ciki. Kai ka shiga ka gani?"

"Likita ta gani."

"Ta! Mace ce ma?"

Na yi kuskuren ambaton maganar dangi. Nan tsoho ya tashi kamar an taka wutsiyar kumurci. Wai a zuriyarmu tun daga kakan kakansa ba a taɓa yin makaho ba. Wai so ake a ɗora mana tambarin ciwon gado, gobe a ce kada a auri 'ya'yanmu. Wai kuma wace irin hauka ce mutum ya ɗauki idonsa ya kai wa baƙi su ƙona da wuta, ido da ko hayaƙin murhu ba ya so. Ya ce shi ya san wani da aka kai Kaduna da ido ɗaya ya dawo babu ko ɗaya. Na tambaye shi wane ne, ya ce in rufe masa baki. Ya yanke hukunci: ba inda za a je, shi zai nemo mai magani.

Hamma ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Bappa."

To. Kalmar nan da a ce ana sayar da ita, da yayana ya gina bene. A waje na tare shi.

"Hamma, idonka ne fa. Da shi kake cin abinci. In ya tafi, Bappa ne zai riƙa ja maka zare?"

"Uba ne, Auta. Ba a ƙetare maganar uba."

"To ka ƙetare ta da dare, ka dawo ka ba shi haƙuri da ido biyu."

"Kai yaro ne."

Na koma wa Dada. Ta ce in je in ce wa Bappa a yi haƙuri a sake dubawa. Na je na faɗa. Ya ce in ce mata maganar maza ce. Na dawo na faɗa. Ta ce in ce masa ta ji. Ni ke nan tsakanin zaure da ɗaki kamar ƙwallon tebur, kwastomomina kuwa suna can suna kai wayoyinsu rumfar maƙwabcina, wani wanda ko batir bai iya cirewa ba sai ya fasa sikirin.

A tsakanin nan duk garin ya zama likitan ido. Wata goggonmu ta aiko da tozali wai daga Makka. Wani a masallaci ya ce zuma. Wani ya ce nonon mai jego, wani ya ce fitsarin maraƙi, da safe kafin a yi magana da kowa. Kowa da tabbacinsa, ba wanda ya ce "wataƙila". Na roƙi matar Hamma ta riƙa karɓa da hannu biyu tana godiya, tana zubarwa a bayan gida. Ita kam tana da hankali, ba a gidanmu aka haife ta ba. Shi kuwa idon bai jira kowa ba. Hamma ya fara cewa yana ganin wata inuwa a gefe kamar an saki labule rabi. Ya daina karɓar aikin falo, sai banɗaki da bayan gida, inda ba mai tsayawa duba layi.

Ran nan da hantsi aka kira ni wai mai magani ya iso. Na rufe rumfa na taho a guje. Na tarar an shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mangwaron tsakar gida, an zaunar da Hamma ya jingina da turmi, Bappa na tsaye a kansa kamar mai jiran a yanka ragon suna. Dada tana ɗaki, labule a sake. Ga baƙon, wani dogo mai jakar fata, irin masu yawo gari gari suna cire wa tsofaffi yanar ido. Ka san aikinsu: su soka allura a gefen ido su tura farin abin nan ya faɗa ciki, mutum ya ga haske ranar ya yi ta sa albarka, kafin idon ya rikice su sun kai garin Mutum Biyu. Ya baje kayansa a kan wani tsumma da ban san asalin launinsa ba. Allurar kuwa, na ga masu gyaran takalmi da wadda ta fi ta kyan gani.

"Malam," na ce, "ka duba idon kuwa?"

"Na duba. Yana ce."

"Ina take? Ni ban ga fari ba."

"Baƙar yana ce. Mai ɓuya. Ita ta fi wuyar sha'ani, ba kowa ke ganinta ba."

"Kai da wace fitila ka gan ta?"

"Gado ne, samari. Ubana ya yi, kakana ya yi."

"Su waɗanda suka yi wa, suna ina? Ko za ka ba mu lambar mutum ɗaya mu gaisa?"

Bappa ya daka min tsawa. "Kai, ɗan banza! Baƙona za ka ci wa fuska? Ai tsohon ladanin unguwar nan irinsu ne suka buɗe masa ido, a gabana ya ƙirga yatsu."

"Ya ƙirga ranar, Bappa. Yanzu da bango yake gaisawa kafin ya shiga masallaci."

"Tsufa ne!"

"Bappa, don Allah ka saurare ni. Abin da ke idon nan jijiyar jini ce ta dunƙule. Jini. In ya soka wannan basillar ya fasa wani abu, wa zai tsayar? Ko a waya, in ruwa ya shiga fanel, ba a gyara shi da ƙusa."

"Ji min yaro. Kai da ka gudu daga makaranta kake koya min ido? Na duba idon shanu kafin uwarka ta san hanyar rafi."

"Shanun sun taɓa gaya maka layi ya karkace?"

Ya ɗaga sanda, na ja baya. Na kalli Hamma. Gumi ya jiƙa masa riga, amma bakin nan a rufe kamar an ɗinke. Na tsani haƙurinsa a ranar fiye da yadda na tsani allurar. Na ruga bakin labule.

"Dada, za su soka fa. Yanzu. Ki fito."

Ina jin numfashinta dab da labulen, ashe a tsaye take. Can ta ce a hankali, "Ka ce a dakata."

Na juya na faɗa da ƙarfi. Bappa ko waiwaye bai yi ba. "Ka ce mata ta ji da tukunyarta. Malam, bismilla."

Baƙon ya durƙusa, ya kama haɓar Hamma, ya goge allurar a hannun rigarsa. Bappa ya sunkuyo sosai don kada komai ya wuce shi, rana ta ratso ganyen mangwaro ta sauka a fuskarsa. Baƙon ya ɗaga kai zai ce ya matsa masa daga haske, sai ya tsaya. Ya ƙura wa tsohon ido. Fuskarsa ta washe irin ta ɗan kasuwar da ya ga ciniki na biyu ya kawo kansa.

"Alhaji, ashe kai ma kana da ita. Ga ta nan a na dama, fara sol, ta nuna har ta gaji. Taka ma ta fi ta yaron sauƙi. Zauna kusa da shi in haɗa ku, yanzu ka ga haske."

Ban taɓa sanin Bappa na da sauran gudu a jikinsa ba. Ya yi baya har ya ture buta, ya dafe idon da tafin hannu kamar allurar za ta taso da kanta.

"A'a! A'a, a'a. Nawa ba yanzu ba. Nawa likita ya ce sai bayan damina za a yi min. Ina da kati."

Har kajin tsakar gidan suka daina tono. Hamma ya ɗago kai, karo na farko a rayuwarsa da na ga ya kalli Bappa cikin ido, da mai kyan da marar kyan. Ni kuwa baki ya cika min da magana har ban san wadda zan fara ba, ashe ba a bar min ba.

Abin da ya fito daga bayan labulen nan shi ya kai mu tasha washegari. Shi ya sa aka ƙona ƙullin a Kaduna, aka yi hoton ciki ba a ga komai ba. Ganin da ya riga ya tafi bai dawo duka ba, har yau in Hamma zai duba layi sai ya kanne na hagu, amma inuwar ta tsaya inda take, kuma ya koma aikin falo. A ranar dai Dada ba ta fito ba, ba ta kuma kira sunan ɗan farinta ba. Ni ta kira, kamar kullum, sai dai da muryar da har maƙwabta suka ji.

"Auta! Ka ce wa Bappanku baƙo ba ya komawa hannu banza, kuma babba ake fara zuba wa. Ya zauna a yi masa. In ya kwana yana gani, a kawo na mutumin Kona."